Injin busar da kaya yana juyawa babu zafi, kuma sabon fis ya sake tsinkewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da injin busar da tufafi mai aiki da lantarki, irin wanda ke fitar da iska waje ta bututu. Ya ɗauki lokaci yana jinkirin busar da kaya, har sai an maimaita sau biyu, daga baya ya daina zafi gaba ɗaya amma gangar tana juyawa. Mai gyara ya canja wani ƙaramin fis na zafi, ya yi aiki kamar mako biyu, yanzu ya koma yadda yake. Ya ce mu bari ya haɗe wayoyin ya tsallake fis ɗin tun da shi ne ke ba da matsala. Shin in yarda? Kuma me ke jawo haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka yarda a haɗe wayoyin nan a tsallake fis, ko da na yini ɗaya ne. Fis ɗin zafi ba ya tsinkewa haka kawai. An sa shi ne don ya yanke wuta idan zafin cikin injin ya wuce ƙima, kuma tun da sabo ya sake tsinkewa cikin mako biyu, to zafin yana wuce ƙimar da gaske. Idan aka cire shi, zafin yana nan yadda yake, abin da aka rasa kawai shi ne mai tsayar da shi, a cikin akwatin da ke tara busasshen burbushin zare wanda tartsatsi ɗaya ya ishe shi ya kama. Mai gyaran naka ya gano abin da ya mutu, amma bai binciki abin da ya kashe shi ba, kuma wannan binciken shi ne ainihin aikin.

A cikin tambayarka akwai wata magana da ta fi komai amfani a wurina, ita ce cewa injin ya daɗe yana jinkirin busar da kaya kafin zafin ya ɗauke. Don ka ga dalilin, sai ka san hanyar da iska take bi a ciki. Fankar injin ba tura iska take yi cikin ganga ba, a yawancin injuna zuƙo ta take yi. Iskar ɗaki tana shiga ta ƙasa ko ta baya, ta ratsa akwatin hita inda wata murɗaɗɗiyar waya take yin jajir, ta shiga ganga ta kwashi danshin kaya, ta bi ta ragar da ke tace burbushi, ta faɗa cikin fanka, sannan fanka ta wurga ta cikin bututu zuwa waje. Wayar hita ba ta da wani abin da ke sanyaya ta sai wannan iska. Muddin iskar tana gudu, zafin yana tafiya cikin kaya. Da zarar ta rage gudu, abu biyu ne ke faruwa tare: danshi ba ya fita, saboda haka kaya ba sa bushewa, zafi kuma yana taruwa a akwatin hita saboda babu mai kwashe shi. Wato jinkirin da kuka gani da tsinkewar fis ɗin, ciwo ɗaya ne. Na farkon gargaɗi ne, na biyun sakamako.

Akwai masu tsaro har uku a kan wannan hanya, kuma yana da kyau ka bambanta su, domin mutane da yawa duk fis suke ce musu. Na farko tamostat ne na aikin yau da kullum, yana kusa da fanka, shi ke kunna hita yana kashe ta don zafin ya tsaya daidai. A injunan da ke da fanel na lantarki, wato allon da ke sarrafa aikin injin, wata 'yar sensa ce ke wannan aikin a madadinsa. Na biyu tamostat ne na iyaka, yana jikin akwatin hita, ba ya motsi sai zafin ya haura sosai, idan ya huce kuma ya koma da kansa. Na uku shi ne fis ɗin zafi, wanda sau ɗaya yake aiki, idan ya tsinke ya tsinke ke nan. Injuna da yawa suna da irinsa biyu, ɗaya a jikin gidan fanka, ɗaya a jikin akwatin hita. A wasu samfura, idan na gidan fanka ya tsinke injin ba ya tashi sam, a wasu kuma zafin kawai yake ɗaukewa. Naka yana juyawa, saboda haka fis ɗin da ke tsinkewa yana kan layin hita. Kafin zafi ya kai ga na ukun nan, sai ya wuce na farko da na biyu. Don haka tambayar da ya kamata a yi ita ce me ya sa waɗancan biyun suka kasa riƙe shi.

Ka fara da iska, domin nan ne matsalar take a mafi yawan lokuta, kuma binciken ba ya bukatar ka kwance komai. Ciro ragar tace burbushi, ka share ta, sannan ka kai ta bakin famfo ka zuba mata ruwa. Idan ruwan ya tsaya a kai bai zube ba, to ragar a toshe take ko da idonka yana ganin ta fes. Sinadarin tausasa tufafi, musamman irin na 'yan takardun da ake jefawa cikin ganga, yana barin wani maiƙo marar launi da ke rufe ramukan. A wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu da burushi mai laushi, a bar ta ta bushe. Daga nan ka leƙa ramin da ragar take zama da tocila. Burbushin da ya kuɓuce wa raga a nan yake taruwa, wani lokaci har ya dunƙule ya zama kamar bargo.

Sai ka jawo injin ka dubi bayansa. Bututun da ke fita faɗinsa inci 4 ne, kimanin santimita 10, kuma duk abin da ya rage wannan faɗin ya rage iska. Abin da na fi yawan gani shi ne an tura injin ya manne da bango, bututun ya lotse ko ya lanƙwashe. Sai kuma bututun roba ko na takardar alminiyom mai murɗe-murɗe, wanda kowane lungu a jikinsa matattarar burbushi ne. Wanda ya fi dacewa shi ne na ƙarfe mai santsin ciki, a haɗa gaɓoɓinsa da tef na alminiyom, ban da kusoshin da za su leƙa ciki su riƙa kama zare. Tsawo ma yana da iyaka. Dokar gini da ake amfani da ita a yawancin jihohin Amurka ta tsayar da shi a ƙafa 35, kimanin mita 10 da rabi, kuma kowace gwiwa mai digiri 90 ana cire mata ƙafa 5 daga lissafin. Littafin injin yana ba da nasa adadin, shi ne kuma abin bi. Bututu mai gwiwa huɗu ko biyar ya riga ya cinye fiye da rabin ƙafa 35 ɗin nan tun kafin burbushi ya shiga. Ka fita waje ka duba bakin bututun yayin da injin ke aiki. Murfinsa ya kamata ya buɗe sosai, ka ji iska tana bugun tafin hannunka da ƙarfi. Idan murfin ya maƙale, ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki, ko wani ya ɗaura raga a bakin don hana ƙwari, to ka ga abin da kake nema. Raga a bakin wannan bututu ba ta da wuri, cikin ɗan lokaci take toshewa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. Tun da injinka na lantarki ne, bayan an sa sabon fis, a cire bututun daga bayan injin, a buɗe taga, a busar da lodi ɗaya a haka. Idan kaya suka bushe da wuri, laifin na bututun ne ba na injin ba. Wannan gwaji na injin lantarki ne kaɗai. Mai aiki da gas ba a yi masa haka, domin hayaƙin ƙonewar gas, har da iskar kabon monoksaid mai kisa ba tare da wari ba, ta wannan bututun suke fita.

Idan bututu lafiya yake amma iskar ba ta da ƙarfi tun daga bakin injin, sai a koma ciki. Fankar roba ce a yawancin injuna, ɗaure a bakin sandar moto. Tana iya cika da burbushi, ƙaramar safa ko hankici na iya maƙalewa a cikinta, kuma tsakiyarta na iya cinyewa ta yadda moto yana gudu ita kuwa tana zamewa. Akwai kuma wata matsala da masu gyara da yawa suke wucewa: yoyon iska. Tun da fanka zuƙa take yi, duk inda ta sami kafa ta nan za ta ja iska. Idan robar ƙofa ta yage, ko ƙyallen da ke zagaye da bakin ganga gaba da baya ya cinye, fanka za ta riƙa jan iskar sanyi ta wannan kafar maimakon ta ja ta cikin akwatin hita. A bakin bututu za ka ji iska da ƙarfinta, amma hita tana can tana ƙuna babu mai ratsa ta. Cika ganga fiye da kima ma yana yin irin wannan illa, haka nan ajiye injin a ƙaramin ɗaki a rufe ƙofa, domin duk iskar da ya fitar sai ya sami wata ya maye gurbinta.

Ina dagewa a kan wannan ne saboda abin ya wuce batun lalacewar kaya. Hukumomin kashe gobara a Amurka sun sha bayyana cewa rashin share burbushi shi ne kan gaba a dalilan gobarar da ke tashi daga waɗannan injuna. A Birtaniya kuma, a shekarar 2015 kamfanin Whirlpool ya fitar da sanarwar haɗari a kan miliyoyin injuna masu sunan Hotpoint da Indesit da Creda waɗanda aka ƙera tsakanin 2004 da 2015, saboda burbushi yana iya taɓa wayar hita ya kama da wuta, a 2019 kuma aka yi kiran a dawo da waɗanda ba a gyara ba. Waɗannan injuna da fis ɗinsu a jiki. Ka yi tunanin wanda aka cire masa.

To, a ce iska lafiya lau take. Sai a zo kan awo, kuma a nan dokata ɗaya ce: ba a sayen kaya sai mita, wato na'urar awon lantarki ta masu gyara, ta nuna ya mutu. Kafin a taɓa ko sukuru ɗaya, a zare fulogi daga bango. Kashe makunnin injin bai isa ba. A ɗauki hoton wayoyin da wayar hannu kafin a cire su, domin launukansu suna kama da juna kuma mantuwa tana da saurin zuwa. Yawancin injuna suna da takardar zanen wayoyi a ɓoye a cikin akwatin makunnai ko a manne a bayan murfi, a nemo ta. Kowane abu da za a auna, a zare masa aƙalla waya ɗaya, in ba haka ba mita za ta bi ta wata hanyar ta ba ka amsar ƙarya.

Fis ɗin zafi da tamostat duka, idan suna da lafiya kuma a sanyi suke, mita za ta nuna kusan sifili ko ta yi ƙara. Idan ba ta motsa ba, a buɗe suke, sun mutu. Amma ga inda ake samun kuskure: tamostat yana iya mutuwa a rufe. Wato 'yan ƙarafan da ke cikinsa sun narke sun manne, ba ya buɗewa komai zafi. A sanyi mita za ta nuna shi lafiya ƙalau, alhali shi ne ke barin zafi yana hawa har fis ya tsinke. Hanyar gane shi ita ce a ɗumama shi a gani ko zai buɗe. A jikinsa akwai rubutu, misali L155-25F. Ma'anarsa yana buɗewa a digiri 155 na Farenhait, wato kimanin 68 na Salshiyas, ya sake rufewa idan zafin ya sauka da digiri 25 na Farenhait. Idan aka ɗora fuskarsa a kan ƙarfe mai zafi, mita tana haɗe da shi, za a ji ɗan ƙas, mita kuma ta nuna ya buɗe. Wanda bai yi haka ba, a jefar da shi. Saboda wannan ne wasu kamfanoni suke sayar da fis ɗin akwatin hita tare da tamostat na iyaka a leda ɗaya, kuma suke cewa a canja su tare. Tamostat na iyaka da ya daɗe yana buɗewa yana rufewa saboda toshewar bututu ya riga ya gaji. Ka tambayi mai gyaranka ko ya canja shi a wancan karon. Ina kyautata zaton fis kaɗai ya sa.

Idan injinka mai fanel ne, sensar zafi ba a auna ta da ƙarar mita, da adadin om ake auna ta, wato ma'aunin yadda abu yake tauye wucewar wuta. Da yawa suna nuna kimanin om dubu 10 a zafin ɗaki na digiri 25 na Salshiyas, wasu samfura kuma dubu 50, takardar injin za ta faɗa. Adadin yana sauka idan ta ɗumama, ko riƙe ta a cikin hannu ya isa ka ga lambar tana raguwa. Sensar da ta kauce daga adadinta tana gaya wa fanel cewa ganga da sanyi alhali da zafi, fanel kuma ya bar hita a kunne.

Ita kanta hita, awo biyu ake yi mata, kuma na biyun shi ne wanda ya shafi matsalarka. Na farko tsakanin bakunanta biyu. Adadin da ya kamata ka gani kana iya lissafa shi da kanka: ka ninka bolt da kansa, ka raba da wat. Hita mai wat 5,400 a kan bolt 240, irin ta Amurka da Kanada, za ta ba da kusan om 10 zuwa 11. Mai wat 2,300 a kan bolt 230, irin ta Turai da sauran ƙasashen da ke amfani da wannan wutar, za ta ba da om 23. Wasu hitocin gida biyu ne, kowane gida da nasa adadin, kuma idan ɗaya ya mutu injin yana ɗumi amma ba ya kai wa. Idan mita ba ta nuna komai ba, wayar ta tsinke, sau da yawa ma ido zai ga wurin. Ba a ƙulla ta, ba a murɗe bakunan a haɗa, domin wurin ƙullin zai fi ko'ina zafi ya sake ƙonewa. Awo na biyu tsakanin kowane baki ne da ƙarfen akwatin hita. A nan bai kamata mita ta nuna komai ba. Idan ta nuna, to wayar ta saki ta kwanta ta taɓa ƙarfe, ko ɗaya daga cikin 'yan tangaran da ke riƙe ta ya fashe. Irin wannan hita tana iya ci gaba da ƙuna ko da tamostat ya yanke, saboda wuta ta sami wata hanya ta jikin injin. Alamarta ita ce injin yana zafi ko an sa shi a kan iska zalla, ko kuma yana kaɗa bureka, wato makunnin da ke yanke wutar gida da kansa. Wannan yana cinye fis ɗaya bayan ɗaya, kuma idan wayar ƙasa ta gidan, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, ba ta da kyau, jikin injin kansa yana iya ɗaukar wuta. A girgiza akwatin a hankali yayin awon, domin wani lokaci wayar ba ta taɓa ƙarfe sai ta yi zafi ta miƙe.

Rile ɗin da ke kan fanel, wato ɗan makunnin da fanel ke kunna hita da shi, ko ƙarafan cikin taima mai ƙidaya lokaci a tsofaffin injuna, su ma suna iya mannewa su bar hita a kunne, ko su ƙone su hana ta wuta. Idan ka juya fanel ka ga baƙin tabo a ƙarƙashin rile ko dalmar ta tsage, ka same shi. Akwai kuma wani makunni a cikin moto wanda ba ya haɗa layin hita sai moton ya kai cikakken gudu, an yi shi ne don kada hita ta kama alhali fanka a tsaye take. Idan ya lalace, ganga tana juyawa babu zafi. Waɗannan su ne na ƙarshe a bincike, ba a fara zarginsu sai an tabbatar sauran lafiya suke.

Kada kuma a ɗauka cewa tun da fis ne ya mutu wancan karon, shi ne ya mutu yanzu. A auna. Wutar da ke shigowa ma a duba ta. A tsarin Amurka da Kanada, injin yana karɓar layi biyu ta bureka mai amfiya 30, moto yana aiki da bolt 120 daga layi ɗaya, hita kuma tana bukatar 240 daga duka biyun. Idan layin da moto ba ya amfani da shi ya faɗi, ganga za ta juya, fitila za ta kama, zafi kuwa babu. A kashe burekar gaba ɗaya a sake kunna ta, sannan a duba inda igiyar wuta take ɗaure a bayan injin, domin noti mai sako-sako a wurin yana ƙona waya. Inda wutar layi ɗaya ce ta bolt 220 zuwa 240, wannan matsalar ba ta tasowa, amma raunin wuta yana tasowa. Zafin hita yana sauka fiye da yadda wutar ta sauka: idan bolt 230 ya koma 190, kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin ya tafi. Wannan yana kawo jinkirin bushewa, sai dai ba ya tsinka fis ɗin zafi, don haka ba shi ne bayanin matsalarka ba. Awon wuta a raye aikin wanda ya saba ne. Idan hannunka bai saba ba, ka tsaya a awon da ake yi bayan an zare fulogi.

Saboda masu karatu da injinsu ba irin naka ba ne, bari in taɓa sauran a gurguje. Mai aiki da gas ba shi da wayar hita. Yana da sandar kunna wuta da ke yin ja, da sensar da ke jin zafinta, da bawul mai koyil biyu, wato naɗaɗɗun wayoyin da ke buɗe wa gas hanya. Idan aka leƙa ta ƙaramar tagar da ke ƙasa aka ga sandar ba ta yin ja, ana zargin ita kanta ko fis. Idan ta yi ja ta tsaya a haka ba ta mutu ba, ana zargin sensar. Idan kuwa ta yi ja, ta mutu, wuta ba ta kama ba, koyil ɗin bawul ne, kuma halinsu sananne ne: suna aiki a farkon lodi, idan sun yi zafi su ƙi. Duk wanda ya ji warin gas ya rufe bawul ɗin bango, ya buɗe tagogi, kada ya taɓa makunnin lantarki, ya kira ƙwararre. Injin da ke tara ruwa a tanki maimakon fitar da iska waje yana da hita da tamostat kamar naka, amma abin da ke toshewa a cikinsa shi ne akwatin sanyaya tururi da ke ƙasa, wanda ake zarowa a wanke da ruwa. Wasu daga cikinsu suna da ɗan maɓalli a jikin tamostat na baya wanda ake dannawa ya koma, kuma shi ma idan yana yawan faɗuwa, iska ce. Sabbin injuna masu kwamfuresa kamar ta firij kuwa, zafinsu dama ba ya kai na sauran, kimanin digiri 50 ne na Salshiyas, kuma suna ɗaukar lokaci, wannan ba lalacewa ba ce. Ragarsu biyu ce, ta ƙofa da ta ƙasa, kuma gyaran da ya shafi gas ɗin kwamfuresa na mai gyaran firij ne.

Mu koma kan naka. Idan za a sayi fis, a saye shi da lambar samfurin injin, wadda ke rubuce a bakin ƙofa ko a baya. Kowane fis da digirin da yake tsinkewa, kuma biyu na iya zama kamanni ɗaya alhali digirinsu ya sha bamban. Wanda digirinsa ya yi ƙasa zai riƙa tsinkewa ba dalili, wanda ya yi sama kuwa bai da bambanci sosai da wanda aka tsallake. Wannan ma abin tambaya ne ga mai gyaranka, ko fis ɗin da ya sa na wannan samfurin ne ko kuwa wanda ya samu ne a jakarsa. A dubi bakunan wayoyin da ke shiga hita da tamostat. Duk wanda ya yi baƙi, ko ya saki ba ya kama ƙarfe da ƙarfi, a yanke shi a sa sabo irin mai jure zafi, domin sako-sakon baki yana haifar da nasa zafin a daidai jikin fis. Tun da an riga an buɗe injin, a zuƙe duk burbushin da ke ƙasan akwati, da kewayen moto, da cikin akwatin hita.

Bayan an haɗa komai, kada a sallami mai gyara don kawai an ji ɗumi. A kunna injin babu kaya a kan zafi mafi girma, a sa ma'aunin zafi a bakin inda iska ke fita a baya. Abin da ake so a gani shi ne zafin ya hau zuwa wajen digiri 65 ko 70 na Salshiyas, hita ta yanke, ya sauko zuwa wajen 50, ta sake kamawa, a yi ta haka. Idan yana ta hawa bai tsaya ba, a kashe nan take, tamostat ko rile ko hitar ce. Idan kuma iskar da ke fita ba ta yi zafi sosai ba amma ana jin hita tana kamawa tana yankewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, to tamostat na iyaka ne ke yin aikin da ba nasa ba, wato har yanzu iska ba ta ratsa akwatin hita yadda ya kamata. A yi wannan gwaji sau biyu, da bututu a cire da kuma a haɗe, a kwatanta. Idan sakamakon biyun ya yi kusa da juna kuma lodin tawul ya bushe a zagaye ɗaya, an gama. Daga nan ragar a share ta bayan kowane lodi, bututun kuma a kwance shi a share daga farko har bakin waje aƙalla sau ɗaya a shekara. Kafin a yi wannan gyaran, Malam, ka bar fulogin a zare, kuma ko bayan an gyara kada a bar injin yana aiki babu kowa a gida ko ana barci.